FILIN IYAYEN ƳAN LAKWAL: Ranar da za a tambayi yaro da Ingilishi abincin da ya fi so

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wanga wata filin iyaye zai yi magana bisa wata ƴar tambaya wadda take kada yara da yawa wajen jarrabawar Ingilishi ta baki. Tambayar ita ce: wane abinci ka fi so? Kowa ya ji ta zai ce ai wannan ko yaron goye ya amsa ta. Amma sai ga saurayi ya yi shekara bakwai yana koyon Ingilishi, an yi mishi ita, ya ce "rice", watau shinkafa, ya yi shiru. Daga nan maki ya fara zubewa.

A ƙasarmu yaro yana fara Ingilishi daga ajin sizyam, ajin farko na kwaleji. A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ya aje Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga kuma Najeriya dab da Maradi da Birnin Konni da Magarya, can kuwa Ingilishi ne harshen gwamnati. Yaron da ya ci bak, yana neman ƙaro ilimi a Ingila ko Kanada ko Ostireliya, galibi sai an ce ya kawo shaidar yana jin harshen. Ɗaya daga cikin manyan jarrabawar da ke ba da wannan shaida ita ce IELTS. An fara ta a shekarar 1989. British Council da IDP ta Ostireliya da Cambridge su ne masu ita, ana kuma yin ta a birane kamar Abuja da Legas da Akara. Kuɗin shigarta ya fi kuɗin buhun hatsi biyu ko uku, ban da kuɗin mota da masauki. In yaro ya faɗi, rumbun ubanshi ne ya ji jiki.

Jarrabawar kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu, da magana. Ta maganar minti 11 zuwa 14 ce, yaro da mai jarrabawa su biyu, ana ɗaukar murya. Da farko, minti 4 zuwa 5, ana tambayarshi abubuwan yau da kullum: gida, dangi, karatu, aiki, abinci. Sannan a ba shi takarda da batu guda, ya yi minti 1 yana shiri, ya yi magana shi kaɗai har kamar minti 2. Daga ƙarshe su tattauna bisa batun. Maki daga 0 ne zuwa 9, jami'o'i da yawa suna neman 6 ko 6 da rabi.

Abin da iyaye ya kamata su gane shi ne, mai jarrabawa ba ruwanshi da ko tuwo ya fi shinkafa. Abu huɗu yake saurare: ko magana tana zuba ba tare da yawan cijewa ba, ko yaro yana da kalmomi isassu, ko ginin jimla daidai ne, ko ana gane lafazinshi. To, ta yaya za a auna waɗannan ga wanda ya faɗi kalma guda ya rufe baki? Ba a sanin gudun doki yana ɗaure ga turke.

Matsala ta farko daga gida ta taso, kuma ba mugun abu ba ce. An hori yaro da kunya. In babba ya tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce i ko a'a. Yawan zancen abinci kuwa kwaɗayi ne, wanda ya tsaya yana yabon miya gaban baƙo ya ja ma uwarshi magana. Wannan tarbiyya ce ta ƙwarai, kada kowa ya yar da ita. Sai dai a faɗa ma yaro cewa ɗakin jarrabawa ba zauren mai gari ba ne. Can ana so ya ɗaga kai, ya dubi mai tambaya, ya ba da amsa, ya ƙara da dalili, ya kawo misali. Jimla biyu ko uku sun isa ga kowace tambaya ta kashin farko. Kalmar da za ta cece shi ita ce "because", watau saboda. Duk sa'ad da ya faɗi abin da yake so, ya bi shi da ita.

Matsala ta biyu ta fi ban takaici. Yaro ya tashi da fura da tuwon hatsi da miyar kuka, amma ranar jarrabawa sai ya ji kunyarsu. Sai ya ce ai shi "pizza" ya fi so, don ya gan ta cikin littafi ko cikin salula. Mai jarrabawa ya ce to, da me ake yin ta, wa yake dafa maka, yaushe rabonka da ita? Nan fa ido ya raina fata. Wasu kuma sukan hardace amsa gaba ɗaya kamar karatun allo. Masu jarrabawa an hore su ga gane hadda, suna ji sai su sake tambaya, haddar kuwa ba ta kawo maki. Ɗan manomi da ya bar zancen hatsi ya kama zancen abincin da bai taɓa ɗanɗanawa ba, ya yar da makaminshi ne da hannunshi. Wa ya kai shi sanin hatsi? Ya shibka, ya yi noma, ya kori tsuntsu, ya ga an yi sussuka.

Sunayen ba su da yawa, yaro ya riƙe su cikin sati guda. Hatsi shi ne "millet", dawa "sorghum", wake "beans" ko "cowpeas", gujiya "groundnuts", kuɓewa "okra", albasa "onion", zogala "moringa", kuka "baobab leaves", nono "sour milk". Amma fura da tuwo da dambu da kilishi da cuku ba su da suna cikin Ingilishi, kuma nan ne tarko yake. Yaranmu sun fara da Faransanci, inda ake ce ma fura "boule", a ce ma tuwo "pâte". Sai yaro ya juya su kai tsaye. "Boule" ta koma "ball", ya faɗa ma Bature cewa kullum da rana ƙwallo yake sha. "Pâte" kuma ta koma "pasta", mai jarrabawa ya zaci taliya ake nufi. Hanyar da ta dace ita ce ya kira abincin da sunanshi na Hausa, sannan ya yi bayani. Ga misali, a ba yaro ya karanta ma mutanen gida:

"My favourite food is fura. It is made from millet. My mother pounds it with ginger and pepper, boils it, and mixes it with sour milk. I like it because it is cool and it keeps me strong on the farm."

Ma'anarta: abincin da na fi so fura ce, da hatsi ake yin ta, innata tana daka shi da citta da barkono, ta dafa, ta dama da nono, ina son ta don tana da sanyi kuma tana riƙe ni a gona. Babu kalma mai wuya ciki. Amma ga suna, ga yadda ake yi, ga dalili. Iya bayyana abin da ba ka da sunanshi yana cikin abubuwan da ake ba maki a kai, saboda haka rashin sunan fura cikin Ingilishi riba ce ga wanda ya shirya. Haka ɗan makiyayi zai yi da cuku: madara ce aka daskarar, aka shimfiɗa ta falle-falle, aka shanya har ta bushe, tana daɗewa ba ta lalace ba. Ɗan Tawa ya yi zancen albasar Galmi. Wanda ya san kilishi ya faɗi yadda ake yanka nama sirara, a shanya, a tsoma cikin labu na tunkuza da yaji, a sake shanyawa, a gasa sama-sama.

Akwai kuma wuraren da Hausa da Ingilishi suka raba hanya. Bahaushe yana shan mangwaro, yana shan kankana, yana shan rake. Bature ci yake yi. In yaro ya ce "I drink mango", za a zaci ruwanshi aka matse. Sai ya ce "I eat mango". Kalmar so ita ma guda ce a Hausa, amma can ta rabu: "I like" ga abin da mutum yake jin daɗinshi kullum, "I want" ga abin da yake nema yanzu. Yaron da ya ce "I want meat" ya roƙi mai jarrabawa nama ke nan. Na fi son kaza da kaza kuma, "I prefer millet to rice" ake cewa. Sannan fura a Hausa ita ce, tuwo shi ne, amma a Ingilishi duk abinci "it" ne, ba "she" ba "he".

Wajen lafazi, ba a ce sai ya yi magana kamar mutumin Landan ba, a dai gane shi. Inda Bahaushe ya fi tuntuɓe shi ne p da f, don harshenmu bai raba su ba. Ya yi ta maimaita "pepper", "pot", "fish", "food", p da leɓe biyu a haɗe, f da haƙoran sama bisa leɓen ƙasa. Kada kuma ya haɗiye h irin na Faransanci, don "hungry" mai jin yunwa ne, "angry" mai fushi.

To, uban da bai san ko kalma guda ta Ingilishi ba, me zai iya yi? Da yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an ci tuwon dare an wanke hannu, lokacin hira, uba ko uwa su yi ma yaro tambaya da Hausa irin wadda za a yi mishi can. Wane abinci ba ka so, don me? Abin da kake so kana ƙarami shi kake so yanzu? Ka fi son cin abinci a gida ko a kasuwa? Me ake ci a garinku ranar Sallar Layya? Ya amsa da Hausa tukuna, amsa mai tsawo. In ya gajarta, a ce mishi: sai kuma me? Sannan ya sake faɗi da Ingilishi da babbar murya. Uba ba zai gane kalmomin ba, amma kunnenshi zai ji inda yaro ya cije, zai kuma ji in amsar Hausa ta yi tsawon igiya, ta Ingilishi ta yi tsawon ɗan yatsa. In akwai salula a gidan, a ɗauki muryar, ya saurari kanshi, ya kai ma mushe ya gyara mishi. A sa agogo a ga ko zai kai minti 2 yana bayanin yadda ake dambu.

Nan ƴan mata sun fi samari sa'a, don su ke bakin murhu. Saurayin da bai san ko kafin dafuwa ake kirɓa fura ko bayanta ba, ya aje girman kai ya je ya tambayi innarshi ko yayarshi.

Kashi na ƙarshe na jarrabawar ya fi nauyi, don can ba abin da yaro yake so kaɗai ake tambaya ba, ana neman ra'ayinshi bisa jama'a. Za a iya ce mishi: abincin mutanen ƙasarku ya sake daga zamanin kakanni? Don me samari suke barin abincin gargajiya? Ɗan birni yakan yi kame-kame a nan. Ɗan ƙauye kuwa ya ji kakarshi tana faɗin lokacin da shinkafa sai ranar salla ko ranar biki. Ya ga yadda taliya ta shigo kantin gari don ba ta bukatar daka, ba ta cin itace da yawa. Ya san tiyar hatsi tana araha da kaka, ta yi tsada cikin damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, a koma ga tafasa da rama da kwaɗon zogala. Duk wannan amsa ce, kuma tsofaffin gida su ne masu ita. A zaunar da yaro kusa da su ya tambaya, ya rubuta cikin kaye da Hausa, gobe ya nemi kalmomin Ingilishin wajen mushe.