Tazarar haihuwa: wa ya ce haramun ce?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa magidanci, akwai saƙon murya da ke yawo a wayoyin Damagaram, mai cewa duk macen da ta yi tazarar haihuwa ta yi tarayya da masu kashe ƴaƴa. Wannan ƙarya ce aka jingina wa shari'a, kuma haramta halal ba ƙaramin zunubi ba ne.

Hujjarsu ɗaya ce: wai abin na Nasara ne. To, saurara. Faransa da ta ci Damagaram a 1899 ita ce ta kafa doka a 1920 ta hana tallata hanyoyin hana ɗaukar ciki, domin yaƙin duniya na farko ya cinye mata samari, tana neman a haifa. Daga baya ta juya, har shugabanta Macron ya tsaya a 2017 yana kukan matan Afirka na haifar bakwai ko takwas. Wanda ya hana jiya ya yi umarni yau, ba a ɗaukar hukunci daga bakinsa, ko na halal ko na haram.

Namu ya girmi nasu. Hadisin Jabir a Buhari da Muslim ya tabbatar da cewa sahabbai suna yin azalu alhali wahayi na sauka, ba a hana su ba. Imam Malik ya shardanta yardar matar da take ɗiya. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Kakanninmu mata na Birni da Zango ba su san ƙwaya ba, amma sun san kwanika abin kunya ne: mace ta ɗauki ciki da goyo a baya, nono ya ƙafe, yaro ya rame. Don haka ne ake tafiya wankan jego gidan iyaye a daɗe. Mu muka watsar da wannan, muka kuma haramta abin da zai maye gurbinsa.

A ƙasarmu ma maganar ba sabuwa ba ce. A Matamaye Janar Seyni Kountché ya yi kiran tazara a 1985, kuma a jahar Damagaram aka fara makarantun magidanta a 2008. Ƙididdigar 2012 ta ba macen Nijar haihuwa 7,6, ta 2021 ta ba ta 6,2. Wasu suna ganin wannan raguwa sai su yi salati. Ni abin da ke sa ni salati shi ne gawar mai jego da ake ajiye mana a ƙofar masallaci, ta bar na goye da wanda ko tafiya bai fara ba.

Iyaka kuwa a bayyane take. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce hukuma ba ta da ikon yanka wa ma'aurata adadin ƴaƴa, kuma tsayar da haihuwa gaba ɗaya haramun ne sai da larura, amma jinkirtawa na ɗan lokaci bisa shawara da yardar juna ya halatta matuƙar babu cutarwa. Zubar da ciki kuwa, mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a kansa tun kafin kwana arba'in.

Saboda haka idan ungozoma ko likita ta ce mahaifar iyalinka na bukatar hutu, ka raka ta asibiti da ƙafarka. Kai za a tambaya ranar hisabi, ba mai saƙon murya ba.

Ranar Asabar bayan Magariba za mu karanta babin azalu a Muwaɗɗa. Wanda ya tura wancan saƙo, ya zo da littafinsa. Wallahu a'alam.