Kafin a yi wa baƙon teku masauki, a kai ɗan Hashimi bakin ruwa

Duk ƙarshen shekara, idan ofisoshin Sakatariyar Tarayya suka fara yin tsit, wayoyi kan cika da hotuna iri ɗaya: wani babban darakta ko hadimin minista tsaye a saman ƙaton jirgin ruwa na shaƙatawa, teku shuɗi a bayansa, washegari kuma ga shi yana taka rairayi a Basalona ko Dubai ko Jidda. Daga hoton sai hira ta tashi, kuma kusan kullum wuri ɗaya take sauka. Me ya hana Nijeriya ta gina irin wannan tasha, manyan jiragen su riƙa tsayawa a Legas da Kalaba, baƙi su sauko su zubar da dala? Tun da aka kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a watan Agustan 2023, wannan tambaya ta wuce hirar teburin mai shayi. Ta zama irin wadda hadimi kan iya ɗauka ya mayar da ita takardar shawara, takardar kuma ta rikiɗe ta koma layi a kasafin kuɗi.

Ya kamata a dakata. Ba don shaƙatawa laifi ce ba, ba kuma don wanda ya tara kuɗinsa na halal ya kai iyalinsa ganin duniya ya yi abin kunya ba. Dalilin dai shi ne lissafin bai fita, kuma wanda zai biya kuɗin tashar ba shi ne zai taɓa taka ta ba.

Jirgin shaƙatawa otal ne mai tafiya. A cikinsa fasinja yake kwana, a nan yake ci, a nan yake kallon wasa, kuma ya biya kuɗin duka tun kafin ya bar gida. Idan jirgin ya tsaya a wani birni da safe, kafin magariba ya ɗaga. A 'yan sa'o'in nan ana kwasar mutane a manyan motoci zuwa bakin tekun da kamfanin ya riga ya zaɓa, ta hannun dillalin da ya riga ya ƙulla ciniki da shi, a yi wanka, a ɗauki hoto, a sayi ɗan abin wuya, a koma cin abincin dare a jirgi. Mai otal na gari bai ga kowa ba, mai gidan abinci ya ga kaɗan. Jirgin kansa galibi tutar Bahamas ko Panama yake ɗauke da ita, don haka harajinsa ma ba a nan yake sauka ba. Abin da ke tabbata ga birnin shi ne yashe mashiga, gina matsaya, tsaro da kwasar shara. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja wajen 7,600. A ƙaddara an juye wannan jama'a a titin Ahmadu Bello na Tsibirin Biktoriya da hantsin ranar Litinin.

Biranen da suka fi kowa sanin wannan ciniki sun fara janye jiki. A watan Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jiragen ratsa tsakiyar birnin Benis, a 2023 kuma majalisar birnin Amstadam ta kaɗa ƙuri'ar kawar da tasharsu daga tsakiyar gari. Waɗannan fa birane ne da baƙi ke tururuwa zuwa gare su ko da jirgi ko babu.

Akwai wani abin tarihi da ma'aikacin gwamnati ya kamata ya sani, domin hutunsa da jirgin ruwa tsofaffin abokai ne. A zamanin Turawa, jami'in mulkin mallaka idan ya cika wa'adin aikinsa, jirgin kamfanin Elder Dempster yake hawa daga Legas zuwa Ingila, gwamnati ta biya. Aureol, mafi shahara a cikinsu, ya yi wannan zirga-zirga daga 1951 har zuwa 1974. An tsara hutun ne bisa fahimtar cewa mai aiki yana bukatar ya bar wurin aiki ya huta da gaske. Bature ya tafi, jirgin ya daina zuwa, hutun dai ya rage a takarda: dokokin aikin gwamnati har yanzu suna ba ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama kwana 30 a shekara. Abin da ya ɓace shi ne inda za a je da kuma abin zuwa.

A duba unguwar Hashimi a Suleja. Tana cikin unguwannin da suka ɗauke wa Abuja nauyin ma'aikatan da albashinsu bai kai hayar Wuse ko Garki ba. Mutum ya fita bayan sallar asuba, ya sha cunkoson Madalla da Zuba, ya dawo bayan isha'i, yara sun yi barci. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya cinye kaso mai tsoka na abin da yake karɓa, mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuwa bai cike giɓin ba. Idan irin wannan ma'aikaci ya cike takardar hutu, ba hutu yake nufi ba. Gona ce ta kira shi, ko bikin ƙanwa, ko jinyar tsoho, ko kuma ya zauna gida don ya huta da biyan kuɗin mota na wata guda. 'Ya'yansa sun san teku a littafin makaranta da allon waya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

To, a ce ya yi ƙoƙari ya tara, ya kai su Legas. Me zai tarar? Ƙasar nan tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, amma wadda talaka zai taka kyauta a babban birninta na kasuwanci kullum raguwa take yi. Bar Beach, inda Legas duka take haɗuwa ranar salla da Kirsimeti ba tare da an tambayi kowa tikiti ba, ta shige ƙarƙashin yashin da aka cike don gina Eko Atlantic. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay. A ƙarshen Afrilun 2024 aka rushe gine-ginen bakin tekun Landmark don ba babbar hanyar Legas zuwa Kalaba wuri. Sauran wuraren da suka yi suna a yankin Lekki kuwa, akwai mai karɓar kuɗi a ƙofa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjar da masu shi suka bayar, wata ma mai ƙarfi, musamman ta zaizayar da ta riƙa cin Bar Beach. Amma idan aka haɗa su, sakamakon guda ne: ƙasar da take mafarkin nuna wa baƙo bakin tekunta ta kasa ware wa ɗanta wurin shimfiɗa tabarma a can.

Jidda, wadda alhazai suka sani kamar tafin hannu, ta fi kowane birnin Turai dacewa da misali. Gaskiya ne Saudiyya ta shiga wannan kasuwa, har jirginta na AROYA ya fara ɗaukar fasinja a watan Disambar 2024. Sai dai shekaru da yawa kafin jirgin, akwai doguwar gaɓar nan da aka gyara wa mutanen gari, da masallatai da wuraren wasan yara, inda magidanci kan zauna da matarsa da 'ya'yansa bayan la'asar ba tare da ya ga abin da zai sa ya sunkuyar da kai ba. Wannan ya amsa wa masu cewa bakin ruwa ba wurin mutumin kirki ba ne. Tsari ne ke sa wuri ya zama na mutunci ko na ashararanci, ba ruwan ba.

Abin takaicin ma shi ne ɗan Hashimi ba ya bukatar Legas kafin ya ga ruwa. Magangarar Gurara tana kan hanyarsa ta Minna, bai ko yi rabin tafiyar ba zai kai mahaɗarta. Da damina rugugin ruwan kan cika kunne tun daga nesa, da rani kuma ya janye ya bar duwatsu da rairayin da yara za su yi wasa. A cikin Suleja kanta akwai Mayanka a kan kogin Iku. Dutsen Zuma na jikin takardar naira 100, Ladi Kwali, wadda ta yi suna a cibiyar tukwane ta garin nan tun yana amsa sunan Abuja, tana jikin ta naira 20. Gari ne da ya ba babban birnin ƙasa sunansa, ya ba kuɗin ƙasa hotuna biyu, amma a gindin Zuma abin da matafiyi ya daɗe yana gani shi ne kangon otal da aka yi watsi da shi. Abin da Gurara ke bukata ba ya buƙatar bashin ƙasar waje: hanya mai kyau, shinge a wuraren santsi, masu ceto da suka iya ruwa, banɗaki, wurin alwala da salla, da motar haya mai ƙayyadadden farashi daga Suleja ranar Asabar.

Daga nan maganar ta daina zama ta nishaɗi. Jihar Neja tana da Kainji da Shiroro, ga kogin Kwara ya ratsa ta, amma labarin jirgin ruwa a jihar labarin makoki ne. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi suna dawowa daga biki a wani ƙauyen Neja. A daren 1 ga Oktoban 2024 jirgin katako ɗauke da mutum wajen 300, yawancinsu mata da yara masu halartar Mauludi, ya kife a kusa da Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa. Dalilan ba su canzawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, babu rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida tana ƙarƙashin ma'aikatar nan da ake so ta yi zawarcin jiragen alfarma. Duk nairar da ta tafi zanen tashar baƙi, an ɗauke ta ne daga sintiri da rigunan ceto a Mokwa da Borgu.

Wanda yake ganin gina tasha shi ke jawo jirgi, ya leƙa Baro. An fara yashe kogin Kwara daga Warri zuwa can a 2009, Shugaba Buhari ya buɗe tashar a watan Janairun 2019, aka yi jawabai, aka watse. Shekaru suka shuɗe jiragen kaya ba su mayar da ita gida ba, domin hanyar da za ta haɗa ta da sauran ƙasa ba ta samu ba. An fafe gora, ba a tanadi tafiyar ba.

Masu goyon bayan tashar suna da hujjar da ba za a raina ba. Ƙasar na bukatar kuɗin waje, fashin teku a mashigin Gini ya ragu sosai bayan dokar 2019 da shirin tsaron teku da aka ƙaddamar a 2021, kuma wasu jiragen shaƙatawa suna tsayawa a Dakar da Tema da Lome su wuce Legas kamar ba su gan ta ba. Akwai zafi a hakan. Amma baƙo ba ya zuwa wurin da ɗan gida ke tsoro. Muddin 'yan bindiga na fakewa a dajin Kainji da ƙauyukan Shiroro, muddin ma'aikacin Abuja yana lissafin ƙarfe nawa zai bar hanyar Minna kafin duhu, babu ƙasidar talla da za ta shawo kan ɗan fansho na Jamus. Idan kuwa ranar ta zo da kamfanonin suka ga riba a Legas, su za su zo da kuɗinsu su nemi matsaya, gwamnati ta gindaya musu sharuɗɗa ta karɓi nata.

Hadimin da fayil irin wannan ya iso teburinsa yana da damar rubuta tambayoyi uku a gefen takarda kafin ya miƙa wa mai gida: nawa fasinja ɗaya zai kashe a ƙasa, wa zai biya yashe mashiga kowace shekara, kuma kilomita nawa na gaɓar za a rubuta a doka cewa na jama'a ne, ba ƙofa ba tikiti. Sannan ya tambayi ofishin kuɗi ko kasafin bana ya ware wani abu don masu ceto a Gurara.