Hutun Nowel: Wane Ne Ake Bari Tsaron Gida?

Ƙarshen Disamba ya gabato, makarantun boko za su sallami yara hutun Kirsimeti, wanda muke kira Nowel. Bikin na maƙwabtanmu Kirista ne, amma hutun na kowa ne, kuma a cikinsa ne magidanta da yawa na Malanville ke ɗaukar iyali zuwa Parakou ko Kwatano, a gaida dangi, a kai yara wurin wasa su hau lilo. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yaron da ake bari a baya. Kusan kullum shi ne gurgu, ko makaho, ko mai farfaɗiya, kuma uzurin ɗaya ne: cunkoso ya yi yawa, tausayinsa muke ji.

Cunkoson gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai yana da ranakunsa, yana da sa'o'insa. Wuraren wasa na Kwatano suna batsewa ne da yammacin 25 ga Disamba da 1 ga Janairu, da daren 24 da na 31. Kwanakin da ke tsakani, daga 27 zuwa 30, in ba su faɗo Asabar ko Lahadi ba, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ko a ranar Nowel ɗin kanta, da hantsi jama'a suna coci ko suna kan girki, sai an ci an ƙoshi ake fitowa. Wanda ya isa bakin ƙofa lokacin buɗewa zai yi awa ɗaya ko biyu fili nasa ne. Wasu wuraren ba sa buɗewa sai da yamma, don haka a buga waya tukuna, ko a aiki ɗan'uwa mazaunin garin ya je ya gani da idonsa.

Wannan aiken shi ne rabin tafiyar. Kada ɗan aike ya tsaya tambayar kuɗin shiga kaɗai. Ya duba ƙasa: siminti ce ko yashi? Keken guragu ba ya da abokin gaba kamar yashi, kuma Kwatano a kan yashi take zaune. Bakin teku na Fidjrossè yana da daɗin kallo, amma mai tura keke zai gaji kafin ya ga ruwa. Ya ƙirga matakala. Sannan ya leƙa ban-ɗaki, abin da kunya ke hana mu ambata alhali shi ne ke yanke yawo tun bai yi nisa ba. Ƙofar da keke ba ya shiga tana nufin a ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha biyu a hannu a gaban baƙi. Wadda aka yi wa haka sau ɗaya, baɗi ita da kanta za ta ce a bar ta gida, mu kuma mu ce ai ba ta son fita.

Kowace lalura da abin da take gudu. Mai farfaɗiya a nisanta shi da fitilu masu walƙiya, maganinsa kuma ya kasance a aljihun uba, kada ya kwana a jakar da aka bari masauki. Yaron da ƙara ke firgita shi a mayar da shi gida kafin magariba, lokacin da samari ke fara fasa abubuwan wasan wuta. Makaho yana bukatar mutum ɗaya tak da zai riƙe shi daga farko har ƙarshe, yana faɗa masa abin da ke gabansa.

In an ga wurin lilo ba zai yiwu ba, akwai dandalin Amazone, inda aka ƙaddamar da mutum-mutumi mai tsawon mita 30 a watan Yulin 2022. Fili ne shimfiɗaɗɗe, keke yana tafiya a kansa, da sassafe kuwa iska ce da sarari. A da mukan ce Yamai ta fi kusa: gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, yana da namun daji da ƙasusuwan dabbobin farkon zamani. Amma rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya mayar da matafiya cikin kwale-kwale tsakaninmu da Gaya, kuma ɗora mai keke a kwale-kwale kasada ce da ba mu ba kowa shawararta. A bincika halin gada kafin a ɗaura niyya.

Wani abu da iyaye da dama ba su riƙa ba: ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2012, ta kuma yi doka mai lamba 2017-06 a shekarar 2017 don kare su. Saboda haka uban da ya nemi mai tsaron ƙofa ya shigar da ɗansa ba tare da dogon layi ba, ba bara yake yi ba. Ya yi sallama, ya faɗi bukatarsa a fili, in an ƙi ya nemi shugaban wurin.

Tafiyar kanta ta haura kilomita 700, yini guda cur a mota cikin ƙurar hunturu. A sayi tikiti da wuri a nemi kujerar kusa da ƙofa, a tsaya a ga an ɗaure keken da kyau, kuma a bar kwana ɗaya na hutawa tsakanin sauka da ranar fita.