Ba Ku Gwada Ba Balle Ta Gaza

Na gaji da jin maganar nan a ɗakin malamai: "APC ta gaza, a bar mu mu koma wa shifta." Ni malamin tarihi ne, a Dugoi nake zaune cikin garin Marwa, na koyar kafin a kawo tsarin nan kuma ina koyarwa bayansa. Abokan aikina, ku yi haƙuri da ni, amma ba mu taɓa gwada abin nan ba. Shekara goma muka yi muna cike takardu.

Da sababbin manhajojin sakandare suka fito a 2014, abin da suka nema mai sauƙin faɗa ne: darasi ya taso daga rayuwar yaro, yaro ya yi aikin da kansa, malami ya tsaya gefe yana gyara masa. To yaya ya iso ajinmu? A matsayin jadawali mai gida-gida da ake cikewa da dare. Wani sufeto ya taɓa zama a bayan ajina rabin awa, kansa na kan takardar shirin darasina. Ya yaba ta ƙwarai. Bai ɗaga ido ya ga yara sun haura ɗari ba, huɗu-huɗu a benci, na baya ko muryata ba sa ji.

Ku dubi wani gyara da ya yi ƙarko. A 1984 wani malami a Amurka, Theodore Sizer, ya kafa ƙawancen makarantun sakandare a Jami'ar Brown. Bai ba su manhaja ba, bai ba su jadawali ba. Ƙa'idoji tara kawai suka amince da su, daga baya aka ƙara ta goma. A rage yawan abin da ake koyarwa a zurfafa shi. Ɗalibi ne ma'aikaci, malami mai horarwa. Kada a ba yaro shaidar kammalawa sai ya tsaya gaban jama'a ya nuna abin da ya iya. Sai wadda ta fi ci mini rai: kada ɗaliban malami ɗaya, duka azuzuwansa a haɗe, su wuce tamanin. Tamanin! Ni aji ɗaya nawa ya fi haka, kuma azuzuwa biyar gare ni.

Makaranta ce take neman shiga da kanta, babu mai tilasta mata. Sizer ya rasu a 2009, ƙungiyar ta rufe a 2017, amma har yau akwai makarantun gwamnati a jihar New York da aka ɗauke musu yawancin jarrabawar jiha, ɗalibansu suna kare aikin bincikensu gaban alƙalai. Ofis ya mutu, aikin bai mutu ba, domin malaman da suka yarda da shi suna nan cikin azuzuwansu.

Za ku ce ai Amurka ce, mu BEPC da Probatoire ke jiranmu. Gaskiya ne, kuma ni ma ina koyar da yara yadda za su ci su. Amma shiftar da kuke kewa me ta haifar? Ɗalibina yana iya zayyana maka ranakun yaƙin duniya, amma bai san cewa a 1902, nan kusa da garinmu, Jamusawa ƙarƙashin Hans Dominik suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu na Adamawa ba. Bara na tura su su tambayi tsofaffin unguwa abin da kakanninsu suka faɗa musu, da Fulatanci ko Hausa, su dawo su bayyana da Faransanci. Yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki ba ta yi minti goma tana magana.

A 2022, lokacin yajin aikin OTS, mun ajiye alli daga Marwa zuwa Garwa zuwa Ngaundere ba tare da wata takardar umarni ba. Kenan mun iya haɗa kai idan albashi ne. Me ya sa yawan yara a aji bai taɓa fitar da mu haka ba? Mu huɗu a makarantarmu mun zauna mun yarda da abu biyu: za mu zaɓi darussan da za mu zurfafa, kuma kowane yaro zai tsaya gaban aji sau ɗaya a zango. Ranar Laraba da yamma muke haɗuwa. Har yanzu mu huɗun ne.