Alkawarin Sabuwar Shekara: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A duk ƙarshen watan Disamba akan ji mutane suna ɗaukar wa kansu manyan alkawura. Wannan ya ce bana sai ya gina gidan siminti, wancan ya ce sai ya ƙara aure, wani kuwa ya rantse sai ya sayi babur kafin Sallah. Niyya ce mai kyau, amma kafin hunturu ya wuce yawancin alkawuran sun bi ruwa. Abin da ya fi muni ma, wasu sukan sayar da hatsinsu tun da kaka, lokacin da yake arha, don cika burin da ya fi ƙarfinsu. In bazara ta yi kuma sai ga su a kasuwa suna awo da tsada, wani lokaci ma da bashi.

Lalle mutanen ƙasar Nguru da Gashuwa sun fi kowa sanin maganin wannan, gama fadamar da suke ci a cikinta ta daɗe tana koya musu. Manomin wannan yanki ba ya dogara ga abu guda. Yana da gero a tudu, yana da shinkafa a fadama. In kogin Haɗeja da na Jama'are suka kawo ruwa sosai, sai ya ɗauki koma ya shiga su. In ruwa ya janye, ya shuka wake a danshi, ko ya kafa lambun albasa da tattasai.

Wannan dabara ce ta fisshe su cikin shekaru masu wuya. An yi farin 1973. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan da ke malalowa fadama ya ragu. An sake yin fari a 1984, aka kuma ƙara madatsar Challawa a 1992. Daga baya ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su a kewayen Nguru. A 2022 kuwa ambaliya ce ta yi ɓarna. Ko wanne daga cikinsu ya rushe lissafin wani, amma mai sana'a biyu ko uku ya fi saurin miƙewa.

To, haka ya kamata magidanci ya yi da alkawarinsa na shekara. Ya zaɓi abu ɗaya ko biyu waɗanda yake iyawa, watau kamar ya hana kansa taɓa wani kashi na rumbu sai damina ta faɗi, ko ya shiga adashin da zubinsa ba zai hana cefane ba, ko ya biya kuɗin makarantar yara kafin na biki. Mai son gini ya fara da bulo ɗari. Sa'an nan ya sake duba lissafinsa da bazara, ya kuma duba in shuka ta tsaya. In abu ya ƙi, ya rage ko ya sauya. Ba abin kunya ba ne, domin in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Haka kuma 'yan'uwa da abokai su daina yi wa wanda ya sassauta burinsa gori, don tsoron gorin nan ne ke jefa mutane da yawa cikin bashi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa a ga ƙarshen shekara da hatsi a rumbu.