Ka Bar Jaki Kana Dukan Taiki: Martani

Malam, na karanta sharhinka da ka ɗora laifin taɓarɓarewar karatun fasaha a kan ɗalibai, wai ragwaye ne, waya ta ɗauke musu hankali. Da girmanka, wannan magana ba ta kama hanya ba.

Leƙa Panteka a nan Kaduna. Yaro ne da waya a aljihu, amma yana yanka ƙarfe, yana walda, yana haɗa injin niƙa, domin maigidansa na tsaye a kansa kuma kayan aiki na hannunsa. Ɗalibin da aka zana wa injin a allo, ko suka yi cincirindo kan na'ura ɗaya, ta ina zai ƙware?

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta faro tun 1956. Hedikwatar NBTE, hukumar da aka kafa a 1977 don kula da ilimin fasaha, tana garin nan. Ashe ba mu rasa tushe ba, kulawa muka rasa.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas. Ɗalibi ne ya rufe jami'o'i? Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, yana ta fafutukar cefane, yaushe zai zauna ya duba aikin yara? Ga kuma fifita mai digiri a kan mai babbar difloma ta HND wajen ɗaukar aiki, abin da ke kashe wa matasa gwiwa.

A gyara ɗakunan gwaji, a rage cunkoson aji, a biya malami haƙƙinsa. Bayan nan ka tuhumi ɗalibi.