FILIN 'YAN MATA: Ki Zauna Da Kaka Tun Tana Raye

 Yau ba zancen kwalliya ko na samari zan yi ba, zancen itatuwa ne.

Ke 'yar makaranta, in tambaye ki mana. In aka ajiye maki ganyen sabara da na kalgo, za ki iya bambance su? Na san da yawanku sai dai dariya, a ce ai wannan aikin tsofaffi ne. To, tsaya ki ji.

Kwinin da ya daɗe yana ceton mutane daga zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon wani itace na dazuzzukan Kudancin Amurka aka samo shi, kuma a Faransa aka tace shi a 1820. Nan gida Nijeriya ma, a shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta haɗa Niprisan domin masu ciwon sikila. Wani mai maganin gargajiya daga ƙasar Yarbawa ne ya kawo haɗin. Kin san abin da ke ciki? Har da masoro da kanumfari da karan dafi, waɗanda kike gani kullum a tiren mai kayan yaji!

Ki shiga kasuwar Mafara ranar Talata ki ga ikon Allah. Ga ɓawon maɗaci na zazzaɓi da ciwon ciki, ga marke na tari, ga bagaruwa, ga sabara da ake dafa wa mai jego. Ni kaina kakata ce ta nuna min cewa ba a zagaye itace da sassaƙa, gefe ɗaya ake ɗiba a bar sauran, in ba haka ba ya bushe. Wannan ba ya cikin littafin makaranta.

Abin da ke damuna shi ne, itatuwan suna ƙarewa, masu saninsu ma haka. Da aka gina dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978, ruwa ya ci gonaki a ƙasar Maradun, aka kuma share itatuwa masu yawa a wajajen Mafara da Bakura domin noman rani. Sai masu gawayi suka biyo baya. Daga bisani rashin tsaro ya hana tsofaffi da yawa shiga dajin da suka saba. Tsohuwa ta rasu, iliminta ya bi ta kabari.

Amma a kula, ban ce kowane jiƙo ki ɗaga ki shanye ba. Matsalar maganin gida rashin awo. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai ciki kada ta sha saiwa ko sassaƙe sai ta tambayi asibiti. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jini. Su kuma masu lasifika a tasha, da garinsu ɗaya mai maganin cuta arba'in, don Allah ki kama kanki.

Ga aikin da na ba ki a wannan hutun. Ki sayi littafin rubutu, ki zauna kusa da kaka ko ungozomar unguwarku. Ki rubuta sunan itace, da inda yake fitowa, da abin da ake ɗiba a jikinsa, da wanda aka hana ya sha. Wa ya sani, ko ke ce za ki karanci harhaɗa magunguna ki gwada su gobe? Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ina jiran wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku